Kashi na 14: Malam ya ƙi karɓar shaidar aljani

Maman Ilham (Yelwa, Garwa):
Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Wanda bai kalli kashi na 14 na shirin nan mai dogon zango na amarya da uwargida ba dan Allah ya tsallake saƙon nan don yau sai na fasa ƙwai, bakina ba zai rufu ba. Tunda aka fara shirin nan ba a taɓa yin wurin da ya taɓa min zuciya irin wurin ruƙiyyar nan ba wlh. Kun ga lokacin da amarya ta miƙe zaune muryarta ta koma ta ƙato, ta nuna uwargida da yatsa ta ce ita ta turo ni, ta binne ƙaho a ƙarƙashin murhu? Nan take kowa a ɗakin ya yarda. Hajiya uwar miji har ta zare takalmi, shi kuma maigidan ya buɗe baki kana ganin sakin a kan harshensa, ita ko uwargida butar da ta kawo wa Malam tana hannunta ta ma kasa ajiyewa, ruwa na zuba mata a ƙafa ba ta sani ba. Sai Malam ko ɗaga kai bai yi ba ya ce kowa ya zauna, ya juya ya ce wa aljanin ban tambaye ka wa ya aiko ka ba, ce maka na yi ka fita. Ya ci gaba da karatunsa. Ni a nan hawaye ya zubo min. Duk finafinan aljanu da muka saba gani da zarar aljani ya kama suna shikenan magana ta ƙare, an samu mai laifi, sai duka sai kora. Yau ne karo na farko da na ga an nuna malamin da ya ƙi karɓar shaidar aljani, kuma a wurina wannan ɗan wurin ya fi duk abin da suka yi daga kashi na 1 zuwa yau.

Yar Kusiri:
Wa'alaikumussalam Adda. Ni ma wurin butar nan ya kashe min jiki, yarinyar ta iya wasa, ko kalma ɗaya ba ta ce ba amma idonta kaɗai ya isa.

Ɗan Marwa:
Adda kiyi haƙuri ni fa raina ne ya ɓaci. Sati nawa muna sa data muna jiran a tona asirin matar nan, jiya ma ana tsakiyar kallo kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a kartiyenmu sai da na je shagon caji na ƙarasa a tsaye, ƙarshe Malam ya zo ya rufa mata asiri. Kin manta kashi na 6? Ba ita muka gani da idonmu ta lulluɓe fuska ta shiga wurin boka a bayan gari ba? To me ya kai ta. Ruwa dai baya tsami banza.

Maman Ilham (Yelwa, Garwa):
Ƙanina koma ka sake kallon kashi na 6 ɗin da kyau. Me ta ce wa bokan? Haihuwa ta je nema, shekara da shekaru tana gidan ba ko ɓari, uwar miji ta hana ta sakat da gori safe da yamma. Da bokan ya ce ko a taɓa miki amaryar ai tashi ta yi ta bar masa kuɗin ba ta ko waiwaya ba. Kai da ka ga shigarta me ya sa ba ka ga fitarta ba? Abin da mutanen ɗakin suka yi kenan kai ma ka yi, dama zuciyarsu ta riga ta yanke mata hukunci tun ranar da aka kawo amarya, aljanin kawai ya faɗi abin da suke son ji ne.

Malam Ƙarami (Hausare):
Salamu alaikum. Da farko dai zuwa wurin boka ko don neman haihuwa ne kuskure ne babba, hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta kwana 40, saboda haka kar a wanke ta tas. Amma a kan abin da Malamin shirin ya yi ina tare da Maman Ilham ɗari bisa ɗari, kuma duk wanda ya rubuta wurin nan ya zauna gaban malamai. Ku tuna ƙissar Abu Huraira a Buhari, da aka sa shi gadin zakkar azumi wani ya riƙa zuwa da dare yana ɗiba, ya kama shi har dare uku, a na ƙarshe ya ce sake ni in koya maka abin da zai amfane ka, ya koya masa karanta Ayatul Kursiyyu in zai kwanta. Da Abu Huraira ya ba Annabi SAW labari sai ya ce masa ya gaya maka gaskiya amma shi maƙaryaci ne, shaiɗan ne. To ku duba, ko da ya faɗi gaskiya sai da Annabi ya tabbatar sannan aka karɓa. Mu wa zai tabbatar mana? Sannan Suratul Hujurat aya ta 6 ta ce idan fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika kada ku cutar da mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. Wanda ya shiga jikin matar mutane ba izini yana azabtar da ita wane fasiƙi ne ya wuce shi, kuma a ce shi ne za a ɗauki maganarsa a raba aure.

Ɗan Marwa:
Malam na ji, amma ai suna ganin abin da ba ma gani. In shi aka aiko ai ya san wanda ya aiko shi.

Malam Ƙarami (Hausare):
Suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu, wannan yana cikin Suratul A'araf aya ta 27, ba musu. Amma gani daban gaskiya daban. Ɓarawo ma ya san inda ya kai kaya, yana faɗa maka? Kuma masu cewa sun san gaibu su karanta Suratu Saba'i aya ta 14, Annabi Sulaimanu ya rasu yana dogare da sandarsa aljanu na ta aikin wahala a gabansa ba su san ya rasu ba sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Abin da ke gaban idonsu kenan fa.

Kawu Tela:
Ku bar ni in shigo ta wani gefe. Labarin ya yi, ba ni da ja, amma masu shirin sun cakuɗa abu biyu da ba sa haɗuwa kuma duk wanda ya girma ya ga bori da idonsa zai gane. Muna yara a bayan gidanmu akwai gidan wata magajiya, duk bayan kaka ana kwana ana kiɗan garaya da ƙwarya, muna leƙe ta katanga iyaye na korarmu. A bori ba korar iska ake ba, kiransa ake da kiɗinsa da kirarinsa ya hau dokinsa ko goɗiyarsa, wato namiji ko macen da yake hawa, kowanne da alamarsa. Kuturu in ya hau za ka ga yatsu sun naɗe yana koran ƙuda, Ɗan Galadima sai an sa masa riga mai kyau da turare yana rabon kuɗi, Sarkin Rafi shi ne mai haukan tsalle ya faɗo da mazaunai a ƙasa, in za su sauka kuma atishawa ake yi. Mara lafiya kuma girka ake masa, wato a sasanta shi da iskan su zauna tare har mutuwa. To a shirin nan amarya ta yi tsallen nan na Sarkin Rafi sak, ta naɗe yatsu irin na Kuturu, a lokaci guda kuma wai ruƙiyya ake mata yana ihu yana cewa ƙona ni ake. Darakta ya ɗebo nan ya ɗebo can don abin ya ba da tsoro. Ba kare bori nake ba Allah ya tsare, mun bar shi tun tuni, tun zamanin Nana Asma'u ɗiyar Shehu da 'yan tarunta ake janye mata daga wurin nan, amma in za ka nuna abu ka nuna shi yadda yake.

Yar Kusiri:
Kawu ni jan idon nan da hayaƙin kwamfuta ne ba na so. Muryar kaɗai da sun bari ta fi ban tsoro, da suka sa hayaƙi ƙannena dariya suka fara. Amma ƙarar tsamiyar nan da dare in iska ta kaɗa, wannan kam sun iya, ni ko fitsari ban iya fita ba.

Goggo (ɗiyarta ke rubuta mata):
Goggo ta ce in gaishe ku duka, ta ce in rubuta yadda ta faɗa. Ta ce ita ba ta san darakta ba ba ta san kwamfuta ba, amma abin da Maman Ilham ta faɗa ita ta gan shi a zahiri ba a waya ba. A unguwar da ta yi aurenta na fari akwai wata tsohuwa mai koko da ƙosai, mijinta ya rasu ba ta da ɗa namiji, kowa a layin wurinta yake karyawa. Sai ɗiyar maƙwabta ta kwanta zazzaɓi tana sambatu, a cikin sambatun ta kira sunan tsohuwar. Yarinyar da kullum da safe ita ake aika sayen koko, sunan wa za ta kira? Shikenan aka ce mayya ce ta kama kurwa. Aka jawo ta tsakar gida gaban yara da manya aka ce sai ta tsallaka yarinyar, tana kuka tana rantsuwa da Alƙur'ani ba wanda ya saurara, ta tsallaka. Yarinya ba ta tashi ba sai da kawunta ya zo ya ɗauke ta a moto ya kai ta lopital aka ce zazzaɓin sauro ne ya hau mata kai, aka sa mata ruwa ta warke. Amma tsohuwa fa? Washegari ta dama kokonta ta fito da ƙwaryar ta zauna, tun asuba har rana ta take ba wanda ya zo, ƙosan ya huce a faranti ƙuda na bi. Haka ta yi ta fitowa tana komawa da kayanta har ta daina, daga baya ta tattara ta koma ƙauye wurin dangi can ta rasu. Ba wanda ya je ya ce mata yi haƙuri, har Goggo ta ce ita kanta lokacin tana amarya tsoro ya hana ta ko gaishe ta a hanya. Ta ce da a ranar akwai mutum ɗaya mai faɗa a ji da ya ce kowa ya zauna kamar yadda Malamin nan ya ce, da ba a yi haka ba.

Maman Ilham (Yelwa, Garwa):
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta ya bi mata haƙƙinta. Goggo sannu, Allah ya ƙara girma. Kun ji ko, kuma ku lura kullum wa ake nunawa. Ba a taɓa cewa Alhaji mai kanti ne maye ba, ba a taɓa cewa matar lawan ce ba. Kullum tsohuwar da ba ta da kowa, ko bazawara, ko matar da ba ta haihu ba, ko baƙuwar da aka auro daga wani gari ba ta da dangi kusa. Uwargidan shirin nan ma ai marainiya ce, sun nuna mana tun farko, in an sake ta yau ba ta da ɗakin da za ta koma.

Anti Nas:
Yanzu na sauko daga aikin dare na tarar da saƙonni sun taru, bari in ce nawa kafin barci ya kwashe ni. Ni Musulma ce na yarda akwai aljanu, sura guda aka saukar da sunansu, ba wannan nake musu ba. Amma abin da ya dame ni da shirin nan tun farko, kashi 14 cur ba wanda ya ce a kai yarinyar nan lopital ko sau ɗaya. Ku tuna yadda ciwon ya fara, ta faɗi a bakin murhu jiki na karkarwa, kumfa a baki, ta ciji harshe, ta farka ba ta san abin da ya faru ba. In aka kawo min wannan farfaɗiya zan fara tunani. Kuma farfaɗiya tana da magani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 70 cikin 100 masu ita za su iya daina faɗuwa in sun samu magani suna sha yadda ya kamata. Amma mu sai a ce kar a taɓa shi yawunsa na yaɗa ciwon, ƙarya ne ba ta yaɗuwa, ko a tura masa cokali a baki a karya masa haƙori. Kwantar da shi za ka yi ta gefe, ka janye wuta da duk abin da zai ji masa ciwo, in ya wuce minti 5 bai tsaya ba a ɗauko shi. Nawa muka karɓa da ƙunar wuta saboda sun faɗa murhu mutane na tsaye suna kallo suna a'uziyya. Ga masu jego, wata cikin sati biyun farko bayan haihuwa kanta ke juyewa ta daina barci tana surutai tana ƙin jaririn, ciwo ne sananne ana maganinsa, amma sai an gama yawo da ita an yi mata hayaƙi an zane ta da dorina wai aljanin ake duka sannan a kawo mana ita baya duk shaida. Ga sanƙarau lokacin zafi, ga zazzaɓin da ke hawa kai irin na yarinyar da Goggo ta faɗa, ga samarinmu masu shan tiramol su faɗi suna shure-shure a ce iska ne. Ko shan inna ai da cewa ake Inna ce ta shanye ƙafar yaro, sunan ma daga nan ya fito, yau ɗigon rigakafi ya rage ta sosai har a 2020 aka sanar an kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka baki ɗaya. A yi addu'a a yi tofi, ni ma ina yi wa 'ya'yana kullum dare, amma a haɗa da gwaji.

Malam Ƙarami (Hausare):
Anti ba mu da saɓani. Malaminmu in aka kawo masa mara lafiya tambayarsa ta farko kun je likita? Kuma dukan nan ni ban san inda aka samo shi a matsayin sana'a ba, jikin baiwar Allah ne ke tashi da ciwon. Abin da na yaba a shirin, Malamin bai ɗaga bulala ba, bai keɓe da ita ba mijinta na zaune, bai yanka kuɗi ba, Fatiha da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi ya karanta sai ruwan ganyen magarya. Yanzu ko wasu sun buɗe shago, har da lasifika da kamara ana hira da aljani awa guda ana ɗorawa a TikTok, kai daga ina, ku nawa ne, wa ya turo ka. Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ke rushe gidaje.

Ɗalibin Dang (Gaundare):
Ƙarin bayani ta ɓangaren doka tunda abin da nake karanta kenan. Shirin a Kano aka yi shi amma mu nan Kamaru sashe na 251 na dokar hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 da tarar sefa 5,000 zuwa 100,000 ga wanda aka samu da aikin sihiri ko maita ko duba da zai iya tada hankalin jama'a ko cutar da wani. Ma'ana a ƙasar nan kalmar ita ta turo ni ba a tsakar gida kawai take tsayawa ba, tana iya kai mutum gaban jandarma har kotu. Mu a aji kullum gardamar da muke yi ita ce da wace hujja za a tabbatar, tunda abu ne da ba a gani. Shi ya sa da na ga wurin nan na ce ashe Malam ya fi wasu masu digiri sanin mene ne shaida.

Hamma Direba:
Ina Mora muna jiran rakiyar sojoji mu wuce Kusiri, rezo, wato sabis ɗin waya, na zuwa yana tafiya, ban samu na kalla ba amma na karanta duka ba komai. Ni dai abin da zan ce wa Anti, akwai abin da ba na lopital ba ne. Mu da muke kwana a hanya tsakanin Waza da Dabanga mun ga abubuwa, wuta na tafiya a daji ba mai riƙe da ita, ka tsaya ta tsaya. Masuntan Binuwai ma ku tambaye su, akwai gurbin da ba sa jefa taru in magariba ta yi. Kar boko ya sa mu ce komai ciwo ne.

Anti Nas:
Hamma ban ce komai ba, cewa na yi a gwada tukuna. Allah ya kai ku lafiya, hanyar nan sai addu'a.

Ɗan Marwa:
To duk na ji, Goggo ma labarinki ya sa jikina ya yi sanyi Allah ya gani. Amma ku amsa min wannan. Ƙarshen kashin fa? Bayan kowa ya kwanta an nuna hannu yana tona ƙarƙashin murhu da dare. In uwargida ba ta binne komai ba me take tonowa? Cirewa take kafin gari ya waye a bincika, ni haka na fahimta.

Maman Ilham (Yelwa, Garwa):
A'a ƙanina ba cirewa ake ba, sakawa ake. Ka duba da kyau hannun ya zo da abu a ƙunshe cikin baƙin tsumma, ya tona ya tura ya mayar da toka ya shafe. Wani ne yake so in an tona da safe a samu ƙahon, maganar aljani ta zama gaskiya, Malam ya ji kunya a kori uwargida. Kuma a nan ne tsorona yake wlh. In masu shirin suka bi son masu kallo irin su Ɗan Marwa, sati mai zuwa a tono ƙaho a ce ashe aljani ya yi gaskiya, to sun rushe duk abin da suka gina, kuma sun koya wa dubban gidaje cewa in ya kama suna a yarda. Yara na kallon abin nan, kishiyoyi na kallo, uwayen miji na kallo. Mu nan har tsofaffin da Hausarsu ba ta nuna ba Fulatanci suka fi ji suna zama a fassara musu. Ba ƙaramin abu ne suka ɗauko ba.

Kawu Tela:
Ni uwar mijin nake zargi. Tun farko ba ta son uwargida, kuma ita ta fi kowa saurin zare takalmi.

Yar Kusiri:
Kawu hannun tsohuwa ba haka yake ba, wannan hannun yarinya ne sumul. Ni na ce ƙanwar mijin ce, wadda uwargida ta kama tana waya da saurayi a zaure. Ku ba ni minti kaɗan in koma in tsayar da wurin.

Ɗalibin Dang (Gaundare):
Ko bokan ya turo yaronsa, tunda ta watsa masa ƙasa a ido ta fita.

Goggo (ɗiyarta ke rubuta mata):
Goggo ta ce namiji baya sanin inda ake ajiye tokar murhun gidan da ba nasa ba, ta ce ku nemi mace a cikin gidan.

Yar Kusiri:
Jama'a!!! La ilaha illallahu. Na tsayar na ƙara haske na zuƙo hoton. Hannun akwai lalle ja a yatsu har ya fara kodewa, kuma akwai zoben azurfa a ɗan yatsan tsakiya mai ɗan dutse kore. Na koma kashi na 2 ranar kai amarya, zoben da angon ya sa mata kenan a ɗaki. Uwargida ba ta sa zobe ko sau ɗaya ba a duk shirin, kuma ba ta da lalle, Hajiya ma ta gore mata a kan haka. Hannun amarya ne. Amarya ce da kanta ta binne.

Ɗan Marwa:
Kai!! Tsaya tsaya. Kenan duk ƙarya take ba wani aljani, wasa take da hankalin mutane don a kori matar?

Malam Ƙarami (Hausare):
Ko kuma shi ne ya tashe ta cikin dare ya yi aiki da hannunta don ya gaskata ƙaryarsa ba ta ma sani ba. Duka biyun suna iya yiwuwa, kar mu ma mu yi saurin yanke mata.

Anti Nas:
Akwai ma masu tashi cikin barci su yi aiki su koma su kwanta da safe ba su tuna komai. Amma ƙahon fa, a ina ta samo shi, dole wani ya ba ta ko ya ajiye mata.

Maman Ilham (Yelwa, Garwa):
Ni ban yarda da gangan take ba, yarinyar da ta ƙone hannu a murhu a kashi na 4 har fata ta saɓule, ba mai yi wa kansa haka don kishi. Kuma ku tuna uwargida ce ta kwana tana mata fifita tana shafa mata zuma a ƙunar. Abin da nake so in gani yanzu, in an tono ƙahon da safe Malam zai tsaya a kan bakansa ko zai ja baya, don wannan karon ba aljani kaɗai zai ƙaryata ba, har da abin da idon mutane ya gani. Yar Kusiri turo mana hoton nan a nan kowa ya gani, ki haɗo da na kashi na 2 ɗin. Sannan ki duba min wuyan hannun, ƙunar a hannun dama take ko hagu, don in hannun da ya tona ba tabo to wata ce ta sa zoben.

Yar Kusiri:
Wuyan hannun a rufe yake da hannun riga Adda, ba a gani. Ga hotunan nan suna tafiya, rezo ne ke ja.

Hamma Direba:
An fara jera motoci za mu tashi. Yar Kusiri in na iso gobe zan aiko yaron mota shagon babanku da memori ki sa min daga na 12 zuwa na 14, na Injamena ma da muke lodi tare suna ta tambayata.